Sawun Kulu a Bakin Gulbi

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, Shi da Ya ara mini kwanaki har na goya 'ya'yan jikokina. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ku 'ya'yana da jikokina, ina jin abin da kuke gaya wa baƙi game da ƙanwata Kulu. Ko a makon jiya na ji ɗayanku yana ba amaryarsa labari, wai gulbi ne ya karɓi Kulu ya wanke ta ya maido mana, wai shi ya sa mata suke zuwa taɓa ƙafarta don neman haihuwa lokacin da tana raye. Ban tanka ba, kun san ni da nauyin baki. Amma cikin mu uku da muka kai ta bakin gulbi ran nan ni kaɗai na rage, ga ido ya fara dushewa. Shi ya sa na ce a dama mini tawada, in rubuta muku yadda abin ya faru, kada in tafi in bar ku da labari mai daɗi wanda ba gaskiya ba.

Gidanmu yana kusa da Ƙofar Rini. Baba marini ne, hannuwansa shuɗɗa ne har gwiwar hannu, ban taɓa ganin ainihin launinsu ba. Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta kama sunana. "Ke" take ce mini, in kuwa tana maganata da wani sai ta ce "wagga yarinya". Har na kai shekara goma ban ji Saude ya fito daga bakinta ba, ban kuma ji haushi ba, don haka kowace uwa take yi a unguwarmu. Akwai kakarmu, mahaifiyar Baba, Kaka Tumba. Ina so ku san ta tun yanzu, kafin ku ji abin da ta yi. Ita ce take ɓoye mini ƙanzo a ƙarƙashin faifai. Ita take cire mini ƙaya da bakin allura tana yi mini ba'a wai tafin ƙafata ya fi na raƙumi faɗi. Ba ta wuce almuru ba tare da ta aika wa maƙwabta tuwo ba. Ban san mace mai taushin zuciya kamarta ba.

Sai Kulu, wadda na girme ta da shekara biyar. Kwana uku Inna ta yi tana naƙudarta. Da ta faɗo ba ta yi kuka ba, sai da ungozoma ta yi ta yayyafa mata ruwan sanyi tana hura mata iska a hanci, sannan ta yi wani ɗan ƙara kamar na ɗan akuya. Watanni suka wuce wuyanta bai tsaya ba. Shekaru suka wuce ba ta zauna ba, ba ta yi rarrafe ba, ba ta ce Inna ba. Yatsunta kullum a dunƙule, ƙafafunta suna harɗewa in an ɗaga ta, miyau yana zuba a gefen bakinta. In ta yi murna sai jikinta duka ya sandare ya gantsare, wanda bai san ta ba sai ya zaci ciwo ne. An sha rubutu, an yi turare, an ɗaura layu har wuyanta ya yi nauyi. Daga baya mutane suka daina kawo magani suka koma kawo suna. 'Yar ruwa suke ce mata. Abin da suke nufi, wai tun ranar haihuwa mutanen ruwa suka ɗauke jaririyar Inna suka ajiye tasu, wai abin da ke kwance a kan tabarmarmu maciji ne da ya ari siffar mutum. Malamai suna wa'azi a kan irin wannan magana, suna cewa saura ne na al'adun da aka yi jihadi don a kawar. Da rana kowa ya gyaɗa kai. A bayan ɗaki kuma tsofaffi su ci gaba da raɗa.

A wancan lokacin ina zuwa karatu gidan Modibbo, wata dattijuwa mai ilimi da ke koyar da 'yan mata da matan aure. Ni ce mai zama can ƙarshen tabarma, in ɓoye fuska a bayan allo. In aka tambaye ni abu, ko na sani, sai muryata ta maƙale. Amma ina kallo. Na san wadda take lasar tawada, na san wadda take motsa baki kawai ba ta karantawa. A gida kuma aikina shara, safe da yamma. Tsakar gidanmu rairayi ne da ake ɗebowa daga gulbi, kuma mai shara yana karanta rairayi kamar allo: nan kaza ta bi, nan ƙadangare ya ja wutsiya, nan Baba ya tsaya ya yi alwala. Da safe akan shimfiɗa wa Kulu tabarma a ƙofar ɗakin Inna. Ba abin da ta ƙi jini kamar rana a ido. Da hantsi ya kai fuskarta sai ta fara aikinta: tana kwance rigingine, ta kafa diddigen hagu a ƙasa ta tura, ta huta, ta sake kafawa ta tura, kai a gaba, har ta sauka daga tabarma ta kai inuwar rumbu. Tafiyar taku goma takan ɗauke ta tsawon dahuwar wake. Bayanta yakan bar wata hanya mai santsi a rairayi, tana karkacewa dama da hagu, a gefe guda kuma ɗan rami, ɗan rami, wurin da diddigen ya kafu. Kowace yamma ni nake share wannan sawu. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya dube shi.

Shekarar da nake ba ku labari, Inna tana da ciki. Bayan Kulu ta yi ɓari sau biyu, shi ya sa gidan ya cika da tsoro maimakon murna. A nan ne maƙwabciyarmu Gwaggo Ige ta yawaita shigowa. Kowa a unguwa ya san labarinta. Kafin a haife ni ta haifi ɗa, Mamman, irin Kulu sak. Da ya kai shekara huɗu aka kai shi bakin gulbi, aka ba da baya, da aka dawo ya zama mesa ya shige ruwa. Ita da kanta take ba da labarin, ba hawaye, tana tsinke zogale ko tana kaɗa zare, kamar mai ba da labarin ranar da aka yi ƙanƙara. Wata rana ina shara na ji ta tana ce wa Kaka:

"Tumba, ni da idona nig ga sawunshi, tun daga toka har cikin ruwa. Ran nan niy yi kwana mai daɗi. Ashe shekara huɗu ba ɗana nika shayarwa ba."

"To mi za mu yi, Ige? Yaron ga, ubanta, bai son maganar."

"Wa ac ce ki tambai namiji? Ita ka cinye ƙannenta tun suna ciki. Biyu sun tahi. Ki bari na ukku shi bi su?"

Suka ga tsintsiyata ta tsaya, sai Kaka ta yi dariya ta ce, "Dubi mai kunnen zomo. Share can, uwar shiru." Na matsa. Na ji kalmomin, amma wallahi ban haɗa su ba. A zuciyata irin wannan abu a labari yake faruwa, a gidan wasu, a zamanin da ba a haife ni ba.

Ƙarshen damina, ruwa ya fara janyewa daga fadama, Baba ya ɗaura kayan rini a kan jakuna ya tafi kasuwar Jega. Kwana biyu da tafiyarsa, da safe, Kaka ta ce yau ba zan je gidan Modibbo ba, za mu kai Kulu wankan magani. Na yi murna, don rabona da ganin gulbi tun bazara. Amma akwai abubuwan da idona ya ɗauka waɗanda hankalina bai fassara ba sai daga baya. Inna ta yi wa Kulu kitso sabo, ƙanana, irin na salla. Ta sa mata kwalli. Ta ɗaura mata zane saƙi wanda Baba ya rina da hannunsa. Ta lakato zuma da yatsa tana sa mata a baki, Kulu tana gantsarewa don daɗi. Sannan ta sa hannu ta kwance layun wuyanta ɗaya bayan ɗaya, ta tura su ƙarƙashin tabarma. Da Gwaggo Ige ta saɓa Kulu a kafaɗa, Inna ba ta rako mu ko ƙofar ɗaki ba. Ta juya ta fuskanci bango. Ni aka ba ƙwarya in ɗauka, an rufe da faifai. A hanya na ɗaga na leƙa: ƙwai uku, curin fura, da toka a ƙulle cikin tsumma.

Muka fita ta ƙofar gari muka gangara. Muka wuce inda mata ke wanki, muka wuce inda masunta ke shanya koma, muka yi ta bin gonakin shinkafa har muka kai wani lungu da ba kowa, inda rairayi ya kwanta fari yana gangarawa zuwa ruwa. Can gefe akwai wani tsohon jirgi da masunta suka kife suka bari, rabinsa a tudu rabinsa a ruwa. Gwaggo Ige ta kwantar da Kulu a kan rairayi, ba tabarma, kamar taku bakwai daga bakin ruwa. Ta kewaye ta da toka. Ta jera ƙwan a wajen kanta, ta ajiye furar a wajen ƙafa. Kaka ta tsuguna ta gyara wa Kulu zane. Sai ta ce, ba da ni take ba, ba kuma da Kulu ba:

"Ga taku nan mun kawo. Ba mu cuce ta ba, mun ciyar mun shayar. Ku bar muna na ciki."

A nan ne abin ya faɗo mini gaba ɗaya, kitson, zumar, layun, fuskar Inna a bango. Kaka ta kama wuyan hannuna ta ja, ta ce kada in kuskura in waiwaya, wanda ya waiwaya ya ga rikiɗar makancewa zai yi. Ku ji da kyau, don wannan ma yana cikin abin da nake son ku sani: na bi su. Ban yi ihu ba, ban fizge ba. Na bi su har bayan wasu tsamiyoyi da ke can kan tudu, inda ba a hango gulbi, muka zauna. Gwaggo Ige ta kafa kara a ƙasa ta ce sai inuwarsa ta shige ƙarƙashinsa. Ta ɓare goro ta miƙa wa Kaka, Kaka ta ƙi. Ni kuwa idona yana kan inuwar karan nan, abu ɗaya kawai nake tunani: rana tana hawa, yanzu ta kai idon Kulu. Sau ɗaya iska ta kawo wani sauti kamar nishi. Na zabura. Gwaggo Ige ta danne kafaɗata.

"Zauna, ɗiyata. Haka nawa yay yi. Kiran 'yan uwanta takai."

Da inuwa ta ƙare muka koma. Tun daga nesa na ga zoben tokar babu kowa a ciki. Ƙwai uku suna nan, fura tana nan ƙudaje sun rufe ta. Tokar ta goge ta gefen ruwa, daga nan kuma wata hanya mai santsi ta fita tana karkacewa, ta gangara har inda rairayi ya jiƙe. Kaka ta dafe ƙirji ta zube a kan gwiwoyinta tana salati. Gwaggo Ige ta nuna da yatsa, muryarta har da wani farin ciki.

"Kin gani? Kin gani, Tumba? Awa na Mamman, ba bambanci. Ta koma gida."

Ni ma na duba. Abin da na gani shi ne abin da nake sharewa kowace yamma. Ga santsin bayanta. Ga ɗan rami, ɗan rami, a gefe guda. Su sun bi sawun da ido har bakin ruwa sun tsaya, don a nan labarin da suka sani yake ƙarewa. Ni na san Kulu ba ruwa take nema ba, gangara ce kawai ta ja ta. Inuwa take nema. A duk wurin nan kuwa inuwa ɗaya ce. A kan jiƙaƙƙen rairayi igiyar ruwa ta lashe santsin, amma ramukan diddigen suna nan, ruwa ya cika su, sun lanƙwasa sun nufi tsohon jirgin. Na ji wata murya ta fito daga bakina da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

"Maciji ba shi da diddige!"

Na yar da ƙwaryar na ruga. Tana can a gindin jirgin, ta cusa kanta cikin inuwarsa ta ɓangaren da ke cikin ruwa. Zanen ya jiƙe sharkaf. Ruwa ya rufe kafaɗunta, yana taɓa kunnenta yana komawa. Kwallin ya zubo mata har haɓa, muryarta ta dushe don kuka, diddigen hagu ya ɗaye yana jini, kuma har lokacin tana kafa shi tana turawa. Da ta ƙara turawa uku ko huɗu da kanta ya shige ruwa. Da ta gan ni sai ta gantsare, irin gantsarewar murna. Mu muka ajiye ta, ta kuma yi murnar ganinmu.

Na jawo ta. Ban taɓa goya ta ba sai ran nan, ƙafafunta sun ƙi buɗewa, sai da na karkata ta na ɗaure da mayafina. Kaka ta taso tana tuntuɓe.

"Aje ta! Saude, aje ta, don Allah! Ba ƙanwarki ba ta! Kina son ki kashe uwarki?"

"Kaka, dubi ƙafarta. Jini na."

"Sun ƙi karɓa don kin waiwaya da zuciyarki! Aje mu sake!"

Ta kama mayafin ta baya. Ni da ban taɓa ɗaga ido na dubi babba ba, na fizge har tsohuwa ta faɗi zaune a ruwa. Gwaggo Ige ba ta taɓa ni ba. Da na wuce ta na ga ba ni take kallo ba, ƙasa take kallo.

Ban bi ta bayan gari ba, ban ma yi tunanin ɓoyewa ba. Na shigo ta ƙofar gari da azahar, na ratsa ta gaban karofi inda abokan aikin Baba suke tsome da hannu a rini. Suka ga 'yar gidan da ba ta magana tana tafe ba mayafi a ka, goye da 'yar ruwa jiƙe, ga toka a zanenta. Ba wanda ya tambaya, kowa ya gane. Da na shiga gida Inna tana nan yadda muka bar ta, fuska a bango. Ta ji numfashin Kulu, wanda yake da ɗan gurnani, sai ta juyo. Ta dube mu kamar ta ga matattu sun taso.

"Saude," ta ce. "Saude. Saude."

Sau uku. Shi ne farko, kuma ba ta sake ba har ta rasu. Ta rarrafo ta kwance Kulu daga bayana, ta sa diddigen nan mai jini a bakinta tana tsotse rairayin da ya shiga ciwon.

Ran da Baba ya dawo daga Jega, labari ya riga shi shiga gida. Ya tsaya a tsakar gida da ƙurar hanya a ƙafarsa, bai ko sha ruwa ba. Ban taɓa jin ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba, ran nan ma bai ɗaga ba.

"Iya, a garin Sarkin Musulmi? Rai ɗungum? In maganar ga ta kai ga alƙali, mi zan ce?"

"Ka ce mishi abin da kac ce min ran da za ka tahi. Kac ce, Iya, ku san yadda kunka yi da lamarin ga kahin in dawo. Ko ba ka ce ba?"

"Magani nika nuhi."

"Wane magani ar rage wanda ba mu yi ba? Shekara biyar ba ka taɓa ɗaukar ta ba. Ka bar min aikin, ka tahi Jega don kada ka gani."

Na jira Baba ya musa. Ya dubi hannuwansa shuɗɗan nan, ya daɗe yana dubawa, ya juya ya koma zaure. Wannan shirun ya fi bakin gulbi girgiza ni. A can ina ganin tsofaffi biyu ne suka ɓata. A nan na gane duk gidan ne, kowa ya riƙe gefe guda na abin, kowa kuma ya kau da kai don kada ya ga hannun ɗan'uwansa. Har da ni, da na ɗauki ƙwarya.

Magana ba ta kai ga alƙali ba. Kaka ta ɗaure kayanta ta koma Wamakko wurin 'yarta. Ranar tafiyarta na durƙusa in gaishe ta, ta dubi saman kaina ta ce in abin da ke cikin Inna ya zube, a wuyana yake. Wata uku na yi ina kallon cikin Inna da wannan magana a ƙirjina. Allah Ya sauke ta lafiya, aka haifi kawunku Sanda, wanda kuka sani da ƙiba da surutu. Aka aika Wamakko, Kaka ta aiko da zanen goyo, amma ba ta zo suna ba. Shekara huɗu ta yi a can ta rasu, ba ta sake yi mini ba'ar tafin ƙafa ba. Wannan shi ne abin da na biya, kuma har yau ina kewarta.

Da jariri ya zo, Kulu ta zama tawa. Ko dai in bar karatu ko in tafi da ita, sai na goya ta zuwa gidan Modibbo. 'Yan mata suka tattara allunansu suka matsa can gefe, wata ta toshe hanci, wata ta ce kada miyanta ya taɓa ta. Modibbo ta bar su suka gama, sannan ta sa aka shimfiɗa buzunta na salla a inuwa kusa da ita, ta ce a kwantar da Kulu a kai.

"Wadda ba ta iya zama da baiwar Allah ga, ƙohwa a buɗe take."

Gidaje uku suka janye 'ya'yansu, biyu suka maido daga baya. Shekara shida ina kai ta ina dawowa, wannan ɗan karkacen da kuke gani a kafaɗata nata ne. Da mutane suka ga Sanda ya rayu, sai labari ya juya. Waɗanda suka ce maciji ce su ne suka dawo suna cewa gulbi ya musanya ta da ta gaskiya, mai albarka ce, suna zuwa da gero suna shafa ƙafarta. Ita kuwa ba ta son baƙon hannu, sai ta yi ta kau da kai. Kulu ɗaya ce, kafin gulbi da bayansa. Tana son zuma, ta ƙi wankan ruwan sanyi, in jaki ya yi kuka sai ta yi dariya har ta shaƙe. Ta san takun kowa a gidan. Ta rayu shekara goma sha huɗu bayan ran nan, zazzaɓi ya ɗauke ta a ɗakina na aure, a gidan kakanku. Na zauna a ɗakunan haihuwa da yawa tun daga lokacin, na kuma lura sau da dama irin waɗannan yara su ne waɗanda suka sha wuya wajen fitowa, suka makara yin kuka. Iyakar abin da na sani ke nan. Sauran yana wurin Allah.

Saura abu ɗaya, na bar shi ƙarshe don shi ne ban taɓa gaya wa kowa ba.

Kwana tara bayan gulbi, da la'asar, na ɗauko tsintsiya zan fara shara sai na ji sallama a hankali. Gwaggo Ige ce. Tun ran nan ba ta shigo ba, ba a kuma gan ta a bakin rijiya ba. Ta rame har ɗankwalinta ya yi mata yawa. Ba ta nemi Inna ba, ni ta nufo.

"Ɗiyata, dakata. Kada ki share tukuna."

Na tsaya. Kulu tana inuwar rumbu, an ɗaure mata diddige da tsumma. Sawunta na safe yana nan, daga tabarma har inda take. Gwaggo Ige ta bi shi a sunkuye, daga farko, kamar mai neman allura. Ta kai tsakiya ta durƙusa. Ta sa ɗan yatsa a cikin rami ɗaya, ta matsa ta sa a na gaba, ta sa a na gaba. Ta daɗe a haka har na fara jin tsoro. Ina so in ce mata wani abu, ban san me yarinya take ce wa tsohuwa a irin wannan wuri ba.

Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Mamman da ta dama shika turawa."

Ta miƙe, ta karkaɗe gwiwoyinta, ta fita ba sallama. Ta ƙara shekara ashirin a unguwarmu, ba wanda ya sake jin labarin mesa daga bakinta. Ni kuwa ran nan na jingine tsintsiya a jikin rumbu, na bar tsakar gida ba shara.